Me ya sa kiɗan falo ba ya kai na fili, kuma ta yaya ake auna bambancin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina tari har na sayi amfilifaya da lasifika biyu masu ɗan tsada, na kafa a falona. Ina jin daɗinsu, sai ranar hawan sallah na tsaya kusa da masu kakaki da 'yan ganga, na ji abin har cikin ƙirjina. Da na dawo gida na kunna irin wannan kiɗan, sai na ji kamar hoton mutum aka nuna mini a maimakon mutumin. Kayan ne ba su da kyau, in canza? Kuma akwai hanyar da zan auna in gane inda matsalar take, ko sai dai a dogara da kunne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi saurin mayar da kayanka kasuwa, Malam. Na shafe shekaru ina naɗar sauti ina kuma kafa lasifika a ɗakunan mutane, kuma abin da ka ji kowa ma shi yake ji, har wanda ya kashe ninkin kuɗinka ɗari. Yawancin abin da ya ɓace tsakanin filin hawa da falonka ba a cikin amfilifaya ya ɓace ba. Wani ya ɓace tun a bakin makirfo, wani wajen haɗa sautin a sitidiyo, mafi girma kuma bangon ɗakinka ne ya cinye shi. Ana iya auna wani sashe a gyara, wani sashen kuwa sai haƙuri.

Mu fara daga makirfo. Kakaki ba ya watsa sautinsa daidai ta ko'ina. Siririn amon nan mai tsaga kunne yana fita ne ta bakinsa kamar hasken tocila, shi ya sa wanda ke gabansa yake toshe kunne, wanda ke bayan mai busa kuwa abu mai laushi yake ji. Ganga fuska biyu gare ta, kowace na tura iska ta nata ɓangaren. Goge kuma wani amon daga fatar yake fita, wani daga ƙoƙon. Kai da kake tsaye a fili kana jin duka, wanda ya zo maka kai tsaye da wanda ya bugi ƙasa ko katanga ya dawo. Makirfo kuwa wuri ɗaya aka dasa shi, abin da ya ratsa ta wannan ɗan wurin kaɗai ya sani. Daga nan sai a ba lasifika, ita kuma salon watsa sautinta guda ɗaya ne tak: yadda za ta watsa kakaki haka za ta watsa goge, haka za ta watsa muryar mutum. Wannan ne ya sa idan kana wucewa ta wani lungu ka ji kiɗa ta taga, ba ka ga kowa ba, amma nan take ka san ko makaɗa ne da kansu ko kuwa faifai aka sa.

Sai batun lasifika biyu. Tsarin sitiriyo wani injiniyan Ingila ne, Alan Blumlein na kamfanin EMI, ya yi masa rajista a 1931, kuma wayo ne kawai ake yi wa ƙwaƙwalwa. Idan ka ji muryar mawaƙi a tsakiya, babu komai a tsakiyar, lasifikar dama da ta hagu ne suke faɗin abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mutum na gaskiya idan yana gabanka sautinsa sau biyu yake isa gare ka, ɗaya a kowane kunne. Na sitiriyo sau huɗu ne, domin kowace lasifika tana shiga kunnuwa biyu, kuma wanda ya zagayo kai yana ɗan makara, sai su soke juna a wajajen girgiza 2,000 a sakan. Ka matsa taku ɗaya gefe, mawaƙin ya gudu ya shige lasifikar da ta fi kusa da kai. A fili kuwa kiɗa yana zuwa ta gaba, ta baya, ta sama, ka juya kai ka ji komai yana nan inda yake.

Yanzu ƙarfi, wanda shi ne abin da ka ji a ƙirji. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ma'aunin ba ya tafiya kamar na mudu. Ƙarin desibel 3 na buƙatar ninka wutar amfilifaya biyu. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wuta ninki goma. Ɗauki lasifikar gida da aka saba gani, wadda ke ba da desibel 87 da wat 1 idan ka tsaya mita ɗaya daga gare ta. Wat 10 zai ba ka 97, wat 100 ya ba ka 107, kafin ka kai 110 sai da wat 200. Ganga kuwa idan aka sauke mata gula da ƙarfi, ƙololuwar bugun a kusa tana iya wuce 110 ɗin nan, ga shi ba guda ɗaya ba ce a filin. Kai kuma ba a mita ɗaya kake zama ba, kuma a sarari duk lokacin da nisa ya ninka sauti yana raguwa da desibel 6. Idan ka ga an rubuta wat 3,000 a jikin kwalin wata 'yar rediyo da haruffan PMPO a gefe, ka yi murmushi ka wuce, lissafin 'yan talla ne.

Masu haɗa waƙa sun san wannan, sun kuma san inda za a saurare ta: a mota, a shago, a wayar hannu, a ɗakin da fanka ke juyawa janareton maƙwabci na ruri. Saboda haka suke matse sautin, a ɗaga inda ya yi ƙasa a danne inda ya yi sama, har tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa ta koma 'yan desibel kaɗan. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana da filin kusan desibel 96, amma waƙoƙin kasuwa da yawa ɗan ƙaramin yanki na saman filin kawai suke amfani da shi. Ni ma na sha yin wannan matsin da hannuna, domin mai waƙa zai ce ta wane ta fi tasa ƙara a rediyo. Abin da ake asara shi ne bazata, wannan dukan da ke fitowa daga shiru ya sa gabanka ya faɗi. Kuma kunne da kansa yana da nasa halin: tun 1933 Fletcher da Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna cewa idan ƙara ta yi ƙasa, kunne yana fara rasa amo mai kauri kafin sauran. Kiɗan da aka yi shi da ƙarfi ka kunna shi a hankali don kada ka tashi yara, ba ƙararsa kaɗai ta ragu ba, har launinsa ya canza.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne ɗaki, kuma a nan nake so ka tsaya sosai.

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan. Idan ya fito daga lasifika ya bugi bango ya dawo, ya bugi na gaba ya sake dawowa, akwai wasu amo da tsawon igiyarsu ya yi daidai da faɗin ɗakin, sai su tsaya cak suna taruwa a kan juna. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Falo mai mita 5 zai yi guɗa, irin rurin nan mai kauri, a girgiza 34 a sakan, wato haz 34, sannan 69, sannan 103. Faɗin mita 4 ya ba da 43 da 86. Silin mai tsayin mita 3 ya ba da 57. A waɗannan wurare amo mai kauri yakan kumbura a wani sashen ɗakin ya ɓace a wani, kuma ba ƙaramin bambanci ba ne, na sha auna tazarar desibel 15 zuwa 20 tsakanin kujera da kujera a ɗaki ɗaya. Ka tuna desibel 10 ninki biyu ne a kunne. Gwada da kanka yau: sa waƙa mai ganga, ka tsaya a tsakiyar falo, sannan ka je ka jingina da kusurwa. A tsakiya za ka ji kamar an sace kaurin, a kusurwa kuma kamar kana cikin tanki. Ɗaki mai tsawo da faɗi iri ɗaya shi ya fi muni, domin guɗar ɓangarorin biyu tana faɗawa wuri ɗaya. A filin hawa babu ko ɗaya daga cikin wannan, domin babu bangon da zai tsare amon.

Sai kuma amsa-kuwwa, wato tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Wanda ya fara auna shi wani matashin malamin kimiyya ne a jami'ar Harvard, Wallace Sabine. A 1895 aka ɗora masa gyaran wani ɗakin lacca a gidan tarihi na Fogg, inda malami zai yi magana kalmar ta yi ta yawo sama da sakan 5, ɗalibai ba sa gane komai. Kayan aikinsa bututun busa ne na kayan kiɗan da ake kira ogan, da agogon tsayarwa, da kunnensa. Cikin dare, idan gari ya yi tsit, shi da mataimakansa suke kwaso kushin ɗin kujeru daga zauren Sanders da ke kusa su shimfiɗa, ya busa ya ƙirga, a ƙara kushin ya sake ƙirgawa, kafin gari ya waye a mayar. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da ake amfani da ita har yau, cewa lokacin yana ƙaruwa da girman ɗaki yana raguwa da yawan abin da ke shanye sauti, kuma ana auna sakan nawa sauti ke ɗauka kafin ya faɗi da desibel 60. Da wannan lissafin aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Irin waɗannan zaurukan, kamar Musikverein na birnin Biyana a Ostiriya da Concertgebouw na Amsterdam, amsa-kuwwarsu kusan sakan 2 ce. Falo mai kafet da labule da kujerun kushin bai cika wuce rabin sakan ba.

Ka ga ke nan idan ka sa faifai ɗaki biyu kake ji a lokaci ɗaya, wanda aka naɗa a cikinsa da wanda kake zaune. Kuma na biyun ƙarami ne, bangonsa na kusa, amon da ya buga ya dawo yana iso maka cikin ɗan ƙanƙanin yanki na sakan, ya cakuɗu da na asali. Ƙwaƙwalwa ba ta ruɗuwa, ta san a falo take. Gidajenmu na yanzu kuma, tayil a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, teburin gilashi a tsakiya, duk abubuwan da ke mayar da sauti ne kamar madubi. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falon. Idan ka ji wata ƙara mai kama da rawar ƙarfe ta biyo baya, sauti ne ke kai da komo tsakanin bango biyu da ba su da komai.

An daɗe ana ƙoƙarin nuna cewa na'ura za ta iya maye gurbin makaɗi, kuma labarin yana da darasi. Daga 1915 kamfanin Edison ya riƙa shirya taro a Amurka, a tsayar da mawaƙiya kusa da garmaho, ta yi ta rerawa ta yi shiru garmahon ya ci gaba, 'yan kallo su ce ba su gane bambanci ba. Da garmaho fa! Daga baya ɗaya daga cikin mawaƙan, Anna Case, ta faɗa cewa ita ce take kwaikwayon muryar na'urar. A shekarun 1960 kamfanin Acoustic Research ya yi makamancin haka da makaɗa huɗu masu kayan tsirkiya da lasifikarsa, mutane da yawa suka kasa gane lokacin da aka sauya. Dabarar ita ce sun naɗi kiɗan a waje inda babu bango, suka kunna shi a zauren da makaɗan suke zaune. Wato ɗaki ɗaya kunne ya ji, ba biyu ba. Tun wancan lokacin lasifika ta isa ta yi abin mamaki, idan aka cire mata matsalar ɗaki.

To, aunawa. Eh, ana aunawa, kuma yanzu ba sai kana da ɗakin bincike ba. Kana buƙatar kwamfuta, da makirfon awo irin UMIK-1 na kamfanin miniDSP wanda ake sokawa a kwamfuta kai tsaye, da manhajar REW wadda kyauta ce. Ka dasa makirfon daidai inda kanka yake idan ka zauna, ka kashe fanka da firji, ka jira lokacin da unguwa ta yi shiru kamar yadda Sabine ya yi. Manhajar za ta fitar da wani amo mai hawa daga haz 20 har 20,000, iyakar jin ɗan Adam ke nan, cikin 'yan sakanni. Ka auna lasifikar hagu ita kaɗai, sannan ta dama, sannan ka matsar da makirfon taƙi ɗaya gaba, baya, da gefe ka sake. Awo ɗaya a wuri ɗaya yaudara ne.

Zanen farko da za ka gani zai tayar maka da hankali, domin kamar haƙoran zarto yake. Kada ka damu da ƙananan tsaga-tsagan da ke sama, kunne ba ya jin su yadda makirfo yake gani. Ka duba ƙasa da haz 300, inda ɗaki ke mulki. Za ka ga tuddai da ramuka, kuma idan ka gwada da lissafin da muka yi za ka tarar tuddan suna kusa da lambobin ɗakinka. Tudu ana iya rage shi da na'urar daidaita amo. Rami kuwa kada ka yi ƙoƙarin cike shi da ƙarin wuta, domin amo ne yake soke kansa a wurin, duk abin da ka zuba zai soke, sai dai ka wahalar da lasifikar. Maganin rami matsar da kujera ko lasifika. Sau da yawa rabin mita kawai ya isa. Sannan ka duba zanen amsa-kuwwa, idan ya wuce sakan 0.6 a falo, ɗakin yana buƙatar kaya masu laushi. Akwai kuma zanen da ke nuna amon da ya dawo daga bango da lokacin da ya iso, kowane kashi ɗaya cikin dubu na sakan daidai yake da tafiyar santimita 34, da shi za ka gane wane bango ne ko wane tebur ne mai laifin.

Wata rana wani bawan Allah ya kira ni, ya canza amfilifaya sau biyu don kaurin sautinsa yana guɗa. Da muka auna sai ga tudu ƙato a wajajen haz 45, kujerarsa kuma manne da bangon baya. Muka jawo kujerar gaba, muka raba lasifikun da kusurwa, muka shimfiɗa darduma mai kauri a kan tayil. Bai sayi komai ba ranar sai lemon da ya ba ni.

Idan ba ka da makirfon awo, wayar hannu za ta ba ka ƙiyasin ƙarfin sauti da wata manhaja, amma kada ka yarda da ita a amo mai kauri, domin an ƙera makirfonta ne don magana. Tana da amfani wajen abu ɗaya: hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ba da shawarar iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ke nan. Ka riƙe wannan kafin ka ce sai ka kawo ƙarar filin hawa cikin falo.

Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bangon ƙananan sitidiyo, da siririn soso, ba sa taɓa amo mai kauri ko kaɗan. Igiyar haz 50 tsawonta kusan mita 7 ne, kwali mai kaurin yatsa biyu ba zai tare ta ba. Abin da suke yi shi ne su shanye zaƙin su bar guɗar, ɗaki ya koma kamar an toshe maka kunne. Kebul mai tsada kuma, ni dai ban taɓa auna bambancin da ya kai a yi magana ba tsakaninsa da waya mai kauri ta jan ƙarfe. Amfilifaya mai kyau ta zamani gurɓata sautin da take yi bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, lasifika kuwa a amo mai kauri tana iya kai kashi da yawa cikin ɗari, ɗaki kuma ya zo ya yi nasa na desibel 15. Ka ga inda ya kamata kuɗi da lokaci su tafi.

Shin awo yana faɗin abin da kunne zai so? Floyd Toole ya shafe shekaru yana wannan bincike a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada da ke Ottawa, daga baya a kamfanin kayan sauti na Harman tare da abokin aikinsa Sean Olive. Suna ɓoye lasifiku bayan labule mutane su saurara su ba da maki. Abin da suka samu shi ne yawancin mutane, gwanaye da 'yan koyo, sun fi son lasifikar da awonta ya fito shimfiɗe ba tudu ba rami a gabanta, kuma amon da take watsawa gefe bai sha bamban da na gaba ba. Sun kuma nuna a 1994 cewa da zarar an yaye labulen mutane suka ga girma da ƙyalli da suna, makin yana canzawa. Saboda haka idan za ka gwada kaya biyu, ka daidaita ƙararsu da awo tukuna, domin wanda ya ɗan fi ƙara shi kunne yake cewa ya fi daɗi, sannan ka sa wani ya riƙa sauya maka ba tare da ka gani ba.

Abin da awo ba zai ba ka ba shi ne ƙurar dawakai, da guɗar mata, da ganin kuncin mai algaita ya kumbura, da mutum dubu da ke jin abin tare da kai. Faifai kuma wani aiki ne daban da wani ya zauna ya tsara a gaban tasa lasifikar, a nasa ɗakin, abin da kayanka za su iya kawai shi ne su ba ka abin da ya tsara ba tare da sun ƙara nasu ba.

A ƙarshen makon nan ka yi wannan kafin ka kashe ko sisi. Ka fito da lasifikun daga kusurwa, ka ba su kamar rabin mita daga bangon baya. Tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kanka, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn amo ya daidaita da tsayin kunnenka. Ka janye kujerar daga bango amma kada ta kai tsakiyar ɗaki, ka ɗauke teburin gilashi, ka shimfiɗa darduma tsakaninka da su, ka saki labule. Sannan ka sake sa faifan gangar nan. Idan bayan haka har yanzu dukan ƙirjin kake nema, abin da ya rage maka shi ne lasifikar kauri ta daban, kuma biyu matsakaita a wurare daban sun fi ƙatuwa ɗaya daidaita ɗaki. Sai dai ka fara shawara da uwargida da maƙwabta.